Matan masaƙa da 'yan aikin gida a fafutukar neman ƙuri'a a Birtaniya: su wa suka fi ɗanɗana kuɗarsu?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk sanda aka taɓo tarihin matan Birtaniya da suka yi fafutukar neman 'yancin jefa ƙuri'a, Emmeline Pankhurst da 'yarta Christabel ake ambata, sai hotunan mata cikin fararen riguna da manyan huluna. Ina so mu duba waɗanda ba a cika sa wa a hoton ba: ma'aikatan masaƙa, masu ɗinki, masu haɗa takalma, 'yan aikin gida. Ƙungiyar WSPU, ƙungiyar mata masu neman ƙuri'a da Emmeline Pankhurst ta kafa a Manchester a watan Oktoba na 1903 ta ɗauki hanyar zafi, daga katse jawabin ministoci zuwa fasa gilasai, yajin cin abinci a kurkuku, daga baya har ƙona gine-gine. Tambayata ita ce: wannan zafin ya amfani mata 'yan ƙwadago, ko kuwa ture su gefe ya yi?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam Malama. Kafin a zo kan WSPU, a sani cewa matan masaƙa sun riga ta fara motsi. A 1901 matan masaƙun auduga na yankin Lancashire sun kai takardar koke majalisa ɗauke da sa hannun mutum 29,359. Esther Roper da Eva Gore-Booth ne suka tsara aikin, amma masu bin gida-gida da tsayawa ƙofar masaƙa lokacin cin abincin rana su ne irin su Selina Cooper da Sarah Reddish, waɗanda tun suna yara suke aikin masaƙa.

Dalilinsu a fili yake. A ƙungiyoyin ƙwadago na masu saƙar auduga mata sun fi maza yawa. A lokacin gwamnati ba ta biyan 'yan majalisa albashi, sai a 1911 aka fara, saboda haka ƙungiyar ƙwadago ce ke ɗaukar nauyin ɗan majalisarta. Da aka zaɓi David Shackleton a mazaɓar Clitheroe a 1902, kuɗin da matan ke zubawa na cikin abin da ake riƙe shi da shi, alhali ko ɗaya daga cikinsu ba ta da ikon jefa masa ƙuri'a. Majalisar nan kuma ita ke yanke awoyin aikinsu, awa 55 da rabi a mako, ita ke yanke shekarun da yaro zai shiga masaƙa. Ga macen masaƙa maganar ƙuri'a maganar abin sawa a baki ce.

Maman Hanifa:
Gaskiya ne Malam, amma waɗannan da ka ambata ba su shiga hanyar zafi ba. Selina Cooper da ƙungiyar Millicent Fawcett ta tafi, mai bin lalama. Wadda ta buɗe ƙofar zafin kuwa 'yar masaƙa ce, Annie Kenney. Tana shekara 10 ta fara aiki a wata masaƙa kusa da Oldham, rabin yini makaranta rabin yini aiki, tana shekara 13 ta koma cikakken yini, injin zare ya cire mata yatsa ɗaya. Ranar 13 ga Oktoba 1905 ita da Christabel suka shiga taron jam'iyyar Liberal a Manchester, suka tambayi Edward Grey, ɗaya daga cikin jagororin jam'iyyar, ko gwamnatinsu za ta ba mata ƙuri'a. Aka fitar da su da ƙarfi, aka kama su a waje. An ci Annie tarar sule 5 ko kwana 3 a kurkuku, ta zaɓi kurkuku. Christabel ta yi kwana 7. Daga ranar jaridu suka fara sa maganar a shafin farko, bayan shekara kusan 40 ana kai koke ba wanda ya kula.

Reshen farko na WSPU a Landan ma a unguwar talakawa aka buɗe shi, Canning Town, a 1906, tare da Minnie Baldock.

Baban Khalil:
Ni inda nake so a tsaya shi ne lissafi, don a nan ne bambancin yake fitowa. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12, irin kuɗin da iyayenmu suka yi amfani da shi kafin naira. Mafi yawan mata ma'aikata ba sa samun fam ɗaya a mako. Masu aikin ƙwadago a gida, masu haɗa kwalaye da buroshi da ɗinkin riguna, ko rabinsa ba sa kaiwa.

To a ce an kama mace a zanga-zanga, alƙali ya ce tarar sule 20 ko kwana 14. Tsarin ƙungiya shi ne kada a biya tara, a shiga kurkuku. Ga abin da ke biyo baya ga 'yar masaƙa. Ladan mako biyu ya tafi. Kafin ta fito an ba wata injinta, don mai masaƙa ba ya ajiye inji babu mai aiki. Sunanta ya fito a jarida, sauran masu masana'antu na garin sun gani. Kuɗin haya duk mako ake karɓa, an tara mata bashin mako biyu. In tana da yara, sai maƙwabciya ko babbar 'yarta ta bar nata aikin ta riƙe su. In mijinta yana aiki a wurin mai adawa da tafiyar, shi ma aikinsa na lilo. Shi ya sa da yawa suke ba 'yan sanda sunan ƙarya.

Matar lauya ko 'yar attajiri kuwa za ta yi kwana 14 ɗin nan, ta fito ta tarar da gida yadda ta bar shi, 'yan aiki sun yi girki sun yi wanki. Hukunci ɗaya ne a takarda, amma ba nauyi ɗaya ba ne.

Malama Hadiza:
Hannah Mitchell misali ce a kan wannan. Mai ɗinki ce, makarantar mako biyu kacal ta yi a duk rayuwarta. An ɗaure ta a 1906, mijinta ya je ya biya tarar ba da son ranta ba, aka sako ta washegari. Ta ci gaba da haɗa taro da girki da ɗinki har jikinta ya gaza a 1907, ta kwanta jinya. Da ta warke sai ta koma wata ƙungiya da ta ɓalle daga WSPU a shekarar, ta su Charlotte Despard.

Dakta Ummi:
Bari in shigo ta ɓangaren kurkuku. Gidajen yarin Ingila sun kasa fursunoni aji uku, alƙali ke zaɓar ajin. Aji na ɗaya mutum zai sa kayansa, ya karɓi baƙi da littattafai, a kawo masa abinci daga waje. Aji na biyu da na uku kayan fursuna ne, kaɗaici a ɗaki mafi yawan yini, na uku har da aikin wahala. Matan sun nemi a ɗauke su fursunonin siyasa a sa su aji na ɗaya, gwamnati ta ƙi. Kan haka ne Marion Wallace Dunlop ta fara yajin cin abinci a watan Yuli na 1909, bayan awa 91 aka sake ta. Wasu suka bi sahu. A watan Satumba sai gwamnati ta fara yi musu ɗura a kurkukun Winson Green na Birmingham.

Mary Leigh na cikin waɗanda aka fara yi wa, kuma ta ba lauyanta bayani dalla-dalla. Gandirobobi mata za su danne mutum a kujera ko a gado. Likita zai zura tiyon roba mai tsawon yadi biyu ta hanci, yau ƙofar dama gobe ta hagu, har kusan inci 20 ya shige. A ɗaya ƙarshen akwai mazurari, a tsakiya akwai ɗan gilashi da ake duba ko ruwan na wucewa. Sai a zuba madara kusan rabin lita, wani lokaci da ƙwai a ciki. In ta baki za a yi, akwai ƙarfen da ake cusawa tsakanin haƙora a murɗa shi har baki ya buɗe.

Abin da ke lalacewa: hanci da maƙogwaro su kumbura su yi jini, saboda haka kowace ɗura ta fi ta jiya zafi. Haƙora su karye, dasashi ya tsage. Amai ya biyo baya nan take. Mafi haɗari shi ne tiyon ya kauce ya bi hanyar numfashi, domin mutumin da ke kokawa yana haki ba ya haɗiya yadda zai rufe ƙofar huhu. Haka ya faru da Lilian Lenton, 'yar kafinta, a watan Fabrairu na 1913: abinci ya shiga huhunta, aka yi gaggawar sakinta tana tsakanin rai da mutuwa. Kitty Marion, mai wasan dandali, an yi mata ɗura sau 232 a zaman kurkuku ɗaya. A 1912 wasu likitoci uku, ciki har da Victor Horsley da Agnes Savill, sun buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet suna ƙaryata iƙirarin gwamnati cewa abin ba shi da haɗari.

Baban Khalil:
Dakta, ki kawo maganar Constance Lytton, ita ce shaidar da ba a iya musawa ba.

Dakta Ummi:
Ita zan zo kai. Constance Lytton 'yar manyan gida ce, mahaifinta ya taɓa riƙe Indiya a madadin Sarauniya, ɗan'uwanta yana majalisar dattawa. An kama ta a Newcastle a watan Oktoba na 1909, ta ƙi cin abinci, likita ya auna zuciyarta ya ce tana da rauni, aka sake ta ba a taɓa ta ba. A ƙarshen shekarar kuma aka ji yadda aka yi wa Selina Martin, talaka, a kurkukun Walton na Liverpool: an sa mata ankwa, an ja ta a kan matakala, an yi mata ɗura tun ba a yanke mata hukunci ba.

A watan Janairu na 1910 Constance ta yanke gashinta, ta sa tufafin talakawa, ta ce sunanta Jane Warton, mai ɗinki. Aka kama ta a Liverpool, aka kai ta Walton ɗin. Ba a auna zuciyarta ba kafin a fara, aka yi mata ɗura sau 8, likitan har marinta ya yi. Da aka gano ko wace ce sai aka sake ta. Zuciyar dai ita ce ta watanni uku da suka wuce. A 1912 ɓarin jikinta ya shanye, ta rasu a 1923.

Malam Bashir:
Duk wannan yana ƙarfafa abin da nake gani: hanyar zafi hanya ce da mai hali ya fi iya ɗauka. Kuma ku dubi abin da WSPU ke nema. Ba ta ce a ba kowace mace ƙuri'a ba, cewa ta yi a ba mata bisa sharuɗɗan da aka ba maza. Sharuɗɗan maza kuwa na dukiya ne: mai gida, ko mai haya da ke biyan abin da ya kai fam 10 a shekara, kuma ya shekara a wurin. Maza kusan huɗu cikin goma ba su da ƙuri'a a lokacin. Ƙudurin sulhu na 1910, wanda aka yi wa mata kusan 300 dukan tsiya a kansa ranar 18 ga Nuwamba a ƙofar majalisa, mata kusan miliyan ɗaya kawai zai ba ƙuri'a, galibinsu zawarawa da marasa aure masu riƙe da gida da sunansu. Matar lebura ba ta ciki. Shi ya sa Margaret Bondfield, wadda ta taso tana aikin kanti, ta tsaya kan a ba kowane baligi, mace da namiji, kuma taron jam'iyyar Labour na 1907 ya ƙi goyon bayan ƙudurin 'yan kaɗan ɗin.

Maman Hanifa:
Malam, ban yarda a mayar da matan nan kamar waɗanda aka yi amfani da su ba su sani ba. Sun san sharuɗɗan sarai. Hujjarsu ita ce muddin doka ta ce mace ba ta jefa ƙuri'a don ita mace ce, to ko an faɗaɗa, maza za a ƙara wa a bar su. Hakan kuwa ya faru a 1867 da 1884, kuma gwamnatin Firaminista Asquith ta sake kawo ƙudurin ƙara wa maza a 1912. A fara rushe katangar, faɗaɗawa ta biyo baya. Keir Hardie, jigo a jam'iyyar Labour wanda ya taso a ramin haƙar kwal, wannan ra'ayin ya riƙe.

Sannan a duba su wa suka yi aikin. Alice Hawkins mai ɗinkin takalma ce a Leicester, 'ya'yanta shida, sau biyar ana ɗaure ta, ita ta kafa reshen garin. Adelaide Knight, mai tafiya da sanda, ta yi mako 6 a kurkuku a 1906 don ta je ƙofar gidan Asquith. Dora Thewlis 'yar masaƙa ce daga Huddersfield, tana shekara 16 aka kama ta a 1907. Jessie Stephen 'yar aikin gida ce a Glasgow, tana cikin masu lalata wasiƙu a akwatunan gidan waya, ba a taɓa kama ta ba saboda babu ɗan sandan da zai zargi 'yar aiki cikin kayan aikinta ta zo jefa wasiƙa. WSPU kuma tana biyan masu shirya mata aiki fam 2 a mako, wanda ya ninka abin da masaƙa ke ba yawancin mata. Da Christabel ta gudu Paris a 1912, Annie Kenney ce ta riƙe ƙungiyar a Landan, tana ɓad da kama tana tsallaka teku don karɓo umarni.

Ayyukan yau da kullum ma su ne ƙashin bayansu: rubuta sanarwar taro da alli a gefen titi tun da asuba, sayar da jaridar ƙungiya kwabo ɗaya suna tsaye a cikin kwata, don in suka hau inda mutane ke tafiya za a kama su da laifin tare hanya.

Malam Bashir:
Karɓo umarni, kin faɗa da bakinki. Tun 1907 aka daina zaɓen shugabanni a WSPU. Adelaide Knight da kika ambata a shekarar ta fice. Annie tana sama, amma ba ita ke yanke shawara ba.

Malama Hadiza:
Ina ganin abin da ya faru a gabashin Landan zai raba wannan gardama, ko ya ƙara mata zafi. Sylvia Pankhurst, ƙanwar Christabel, ta buɗe ofis a unguwar Bow a 1912, cikin matan 'yan dako na tashar jiragen ruwa da masu wanki da ma'aikatan masana'antu. Tsarinsu dabam ne: membobi ke zaɓen shugabanni, maza na iya taimakawa, kuma sun fi ba da ƙarfi ga jerin gwano na dubban mutane a kan aikin ɓoye na mutum biyu ko uku. Ba masu sanyi ba ne. Da 'yan sanda suka riƙa fasa musu taro da kulake, sai suka riƙa zuwa da igiya mai kauri da aka ƙulle bakinta, suka kuma koyi yadda za su kewaye mai jawabi su fitar da ita.

A watan Afrilu na 1913 aka yi dokar da ake kira ta kyanwa da ɓera: in mai yajin cin abinci ta galabaita a sake ta na 'yan kwanaki, ta ɗan farfaɗo a sake kama ta, kwanakin da ta yi a waje kuma ba sa cikin lissafin hukuncinta. Sylvia ta sha wannan shiga da fita. Waɗanda suka riƙa jinyarta su ne Jessie Payne da mijinta, masu haɗa takalma, a ɗan gidansu, maƙwabta na gadi.

A watan Nuwamba na 1913 Sylvia ta hau dandamali ɗaya da 'yan ƙwadago tana goyon bayan ma'aikatan Dublin da aka kora daga aiki. A watan Janairu na 1914 aka kira ta Paris aka ce reshenta ya fita daga WSPU. Bisa abin da Sylvia ta ruwaito, Christabel ta ce mata 'yan ƙwadago su ne mafi rauni a cikin mata, ba da su za a ci yaƙin ba.

Baban Khalil:
Kuma waɗannan da aka kira raunana su Asquith ya yarda ya gani, bayan da farko ya ƙi karɓar tawagarsu. Sylvia ta sa aka kwantar da ita a ƙofar majalisa ta ce ba ci ba sha har sai ya amince. Ranar 20 ga Yuni 1914 mata shida suka shiga wurinsa, Julia Scurr ce jagora, babu mai kuɗi ko ɗaya a cikinsu. Wata dattijuwa mai haɗa buroshi ta ajiye buroshi a kan teburinsa ta faɗa masa 'yan kwabban da ake biyanta a kan kowane ɗaya da kuma kuɗin da ake sayar da shi a kanti. Daisy Parsons ta yi bayanin aikin masana'antar taba tun tana yarinya. Asquith ya amsa da cewa in za a yi canjin, to a yi shi da faɗi, kada a taƙaita shi ga 'yan kaɗan. Mako shida bayan haka yaƙin duniya ya ɓarke.

Hajiya Rabi:
'Ya'yana, ina biye da ku. Abin da kuke faɗa ya tuna mini da Hajiya Gambo Sawaba, wadda ba ta yi zurfi a boko ba, ta jagoranci matan NEPU, ta sha ɗauri da duka kan neman a bar matan Arewa su yi zaɓe. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a 1959, namu sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979. To su waɗancan matan, da aka zo rabon, an ba su?

Malam Bashir:
Hajiya, wasu an ba su, wasu an hana. Dokar 6 ga Fabrairu 1918 ta ba namiji ƙuri'a daga shekara 21 ba sharaɗin dukiya. Mace kuwa sai ta kai 30, kuma ta kasance mai riƙe da gida, ko matar mai riƙe da gida, ko mai wurin da hayarsa ta kai fam 5 a shekara, ko mai digiri. Mata kusan miliyan 8.4 suka samu. Waɗanda aka bari: 'yan matan da suka yi aikin masana'antun harsashi lokacin yaƙi, don yawancinsu ba su kai 30 ba, 'yan aikin gida masu kwana gidan iyayen gidansu, wadda ke zaune gidan mahaifinta ko da ta haura 30, da mai hayar ɗaki wanda kayan cikinsa na mai gida ne. Dora Thewlis, da tana ƙasar, shekarunta ba su kai ba. Jessie Stephen tana 24.

Maman Hanifa:
Amma Malam ka lura da kalmar "matar mai riƙe da gida". Ita ce ta shigar da miliyoyin matan leburori da masaƙa, waɗanda ƙudurin 1910 ya tsallake. Daga miliyan ɗaya zuwa sama da takwas. Wannan faɗin ya samu ne saboda tun 1912 jam'iyyar Labour ta ce ba za ta goyi bayan ƙara wa maza ba in babu mata, ƙungiyar Fawcett ta fara tara kuɗi tana taimakon 'yan takararta, matan gabashin Landan kuma suna ta matsa lamba. Ni dai ban ga yadda za a kai ga wannan ciniki ba da ba a yi shekaru tara maganar tana shafin farko na jaridu ba, kuma 'yan majalisa a 1917 suna tsoron a koma fasa gilasai bayan yaƙi.

Dakta Ummi:
Sharaɗin shekara 30 ɗin da gangan aka sa shi, Hajiya. Mata sun fi maza yawa tun kafin yaƙi, yaƙin kuma ya ci mazan Birtaniya sama da 700,000, saboda haka da an daidaita shekarun da mata sun rinjayi maza a rajistar zaɓe. Sai a watan Yuli na 1928 aka mayar da shi 21 ga kowa ba sharaɗin gida, mata kusan miliyan 5 suka ƙaru, kuma a zaɓen watan Mayu na 1929 ne 'yan aikin gida da 'yan matan masaƙa suka fara jefa tasu. Gwamnatin da ta fito daga zaɓen ita ta naɗa Margaret Bondfield ministar ƙwadago.